Gwaggo Mai Tsumma da Matattu Talatin

Laifin da wannan labari zai hukunta shi ne raini. Ba rainin da yaro ke yi wa sa'ansa a filin ƙwallo ba, wannan da kansa yake warkewa. Wanda ake nufi shi ne rainin da mutum ke yi wa wanda ya tarar a durƙushe yana aiki, ya ɗauka tunda gwiwarsa na ƙasa, to hankalinsa ma a ƙasa yake.

A wata makarantar sakandare akwai wata tsohuwa mai goge-goge. Ɗalibai da malamai duk Gwaggo suke ce mata, in ta ba da baya kuma su ƙara da Mai Tsumma. Gajeriya ce, gwiwarta ta hagu tana mata ciwo, amma muryarta in ta ɗaga sai an jiyo ta daga bakin ƙofar makaranta. Shekara ashirin da biyu tana wannan aiki, kuma duk cikin ɗakunan da take gogewa babu wanda take ji da shi kamar babban ɗakin taro. Daɓensa mai santsi ne, faɗinsa sai mutum ya yi taku sittin kafin ya taɓa bango.

Aikin daɓen nan hawa biyar ne, kuma ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ta share, ta wanke da sabulu, ta ɗauraye, ta shafa masa mai, sannan ta murza. Murzar ita ce uwar aikin. Busasshen tsumma take takawa da ƙafa, tana ja, tana ja, layi bayan layi, awa biyu cur. Tsakanin shafa mai da murza kuwa, daɓen nan ko ƙuda ya sauka a kansa sai ya zame. Shi ya sa take da doka guda, wadda kowa ya sani: ba a taka mata daɓe kafin ta ce an gama.

Wata ranar Asabar da safe Hedimasta ya same ta tana cika bokiti a famfo. Ya tsaya nesa kaɗan don kada ruwa ya fallatsar masa a wando.

"Gwaggo, yau masu duba makarantu za su zo da ƙarfe huɗu. Ɗakin taro suke son gani, ko za a ba mu babbar jarrabawa a cikinsa."

"To, Malam. Za su gani."

"Ba wasa nake ba. Akwai kamfani da suka zo min da wani inji, sun ce minti ashirin ya gama ɗakin nan. In mutanen nan suka ga ko ɗigon datti a daɓe, ki yi haƙuri, Litinin sai dai ki kawo min makullai."

Gwaggo ta kashe famfo. Ta dube shi daga takalmi zuwa hula.

"Malam, hedimasta huɗu na goge wa daɓen nan kafin kai. Ka je ka taro baƙinka."

Ya tafi. Ita kuwa ta ɗauki bokiti, zuciyarta na tafasa, don ta san in aikin nan ya tafi babu wani wanda zai ɗauki tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Wajen sha biyu ta gama shara da wanki, tana ɗauraya, sai ga yara huɗu 'yan ajin ƙarshe sun tsaya a ƙofa. Na gaba ɗan Hedimasta ne, wanda ya sa wa kansa suna Darakta, har ya hana kowa kiransa da wani sunan. Farar kwat ce a jikinsa, sabuwa fil, da farin takalmi. Bayansa akwai Ƙato, mai tsaron gida na ƙwallon makaranta, da 'Yar Gayu, wadda ba ta wuce taga ba ta duba fuskarta ba. Ta ƙarshensu Tabarau ce, yarinya mai shiru-shiru, rungume da kyamarar da ta aro wurin yayanta.

"Muna son ɗakin nan na awa ɗaya," in ji Darakta.

"Gaisuwar a gida ka baro ta, ko a hanya ta faɗi?"

"Ina wuni. Fim za mu ɗauka. Na zombi."

"Wane ne kuma haka?"

Tabarau ta matso, ta rusuna. "Gawa ce, Gwaggo, wadda ta ƙi kwanciya. Sai ta tashi tana yawo, tana jan ƙafa, tana neman ƙwaƙwalwar mutane ta ci. Wanda duk ta ciza, shi ma ya zama irinta."

"Ƙwaƙwalwa take ci? A makarantar nan take nema?" Gwaggo ta matse tsumma. "Allah sarki. Da yunwa za ta koma."

Ƙato ya fashe da dariya, Darakta ya harare shi, ya haɗiye ta.

"Ki saurara ki ji," in ji Darakta. "Mu uku ne jarumai. Ni ne babba. Muna cikin makaranta sai mu ji ƙara a ɗakin da babu kowa. Sai mu shiga mu duba."

"Don me?"

"Haka ake yi."

"Mutum ya ji abin tsoro a ɗaki, ƙofar fita na bayansa, sai ya shiga ɗakin?"

"Haka ake yi, na ce. Daga nan matattu talatin su fito. Sai in ciro waya, babu sabis. Sai in ce, mu rabu."

"Ku uku, su talatin, sai ku rabu."

"E. Sannan 'Yar Gayu ta ruga da gudu, sai ta faɗi."

"Me ya kayar da ita?"

"Ba komai. Dole ne dai ta faɗi."

Gwaggo ta dubi 'Yar Gayu. "'Yar nan, da ƙafafunki lafiya lau? Gawa na jan ƙafa kamar ni da wannan gwiwar, ke kina da ƙuruciya, amma ta cim miki?"

"Ni ma na faɗa masa, Gwaggo," in ji 'Yar Gayu. "Sau takwas na faɗi tun safe. Dubi gwiwar hannuna."

Nan fa ran Darakta ya ɓaci. Ya gyara wuyan kwat ɗinsa.

"Gwaggo, wannan ba abin da za ki gane ba ne. Ke tsumma ne naki. Kuma na ji Baba yana cewa kwananki ya ƙare a nan, inji ne zai zo. To meye na wahalar da kanki?"

Tabarau ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta miƙe a hankali, ta dafa sandar tsummarta.

"Yaro, daɓen nan ko ubanka ba ya taka shi sai na ce an gama. Ja matattunka ku tafi fili."

Ta rufe babbar ƙofa a fuskarsa, ta murza makulli. Ta leƙa ta taga sai ta hango su, matattun, yara 'yan ƙananan aji su talatin, zaune a tsakiyar rana a gefen fili. An yayyaga musu tsofaffin riguna, an shafe fuskokinsu da sitaci, an zuba musu wani jan abu daga baki zuwa ƙirji. Wani na fifita da kwali, wata na sosa wuya. Ta girgiza kai ta koma bakin aikinta.

Abin da ta manta shi ne ƙaramar ƙofar gefe. Makullinta biyu ne, ɗaya a ɗaure a bakin zaninta, ɗaya a aljihun teburin Hedimasta.

Ƙarfe uku saura kwata ta gama shafa mai. Ta riga ta makara, gwiwar ta ci mata lokaci. Tana tsaye a ƙarshen ɗakin kusa da babbar ƙofa, ta shimfiɗa busasshen tsumma za ta fara murza, tana tunanin yadda za ta matse aikin awa biyu cikin awa ɗaya da kwata, sai ta ji ƙarar makulli a ƙofar gefe.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Darakta ya faɗo ciki yana haki, Ƙato da 'Yar Gayu na biye. Tabarau ta raɓe a bakin ƙofa da kyamara, fuskarta kamar za ta yi kuka.

"Sun zo!" Darakta ya kwarma ihu. Ya ciro waya ya ɗaga sama. "Babu sabis! Mu rabu!"

Ƙato ya yi dama, 'Yar Gayu ta yi hagu. Taku uku ta yi, ƙafafunta suka bar ta, ta zauna daɓas. Wannan karon ba sai da aka ce ta faɗi ba. Ƙato ya so ya tsaya, daɓe ya ƙi, ya tafi yana wutsil-wutsil da hannu har ya rungumi ginshiƙi. Darakta dai ya riƙe bango, bai yarda ya matsa ba.

Sai ga matattu. Suka kwararo ta ƙofar, hannuwa a miƙe, kawuna a karkace, suna nishi, suna jan ƙafa, jan abin nan na ɗiga daga haɓarsu. Ɗis, ɗis, ɗis, a kan daɓen Gwaggo.

"Ku nufi tsohuwar!" in ji Darakta. "Tabarau, ɗauki fuskarta! Tsoro na gaske nake so! Ku tafi, ku cinye ta!"

A nan Gwaggo ta gane dabarar. Wato ba ɗakin kaɗai yaron nan ke so ba. So yake ta firgita, ta yar da tsumma, ta ruga tana salati, a ɗauke ta a nuna wa duniya a yi dariya. Ta dubi jajayen ɗigon da ke yaɗuwa. Ta dubi agogon bango. Ta ɗaga sandar tsumma ta buga a ƙasa.

"Kai! Tsaya nan!"

Matattu talatin suka tsaya cak. Na baya suka yi karo da na gaba.

"Ku ne matattun?"

Wani daga tsakiya ya yi nishi, amma nishin bai fito da ƙarfi ba.

"Kafin in zo makarantar nan, shekara tara na yi ina goge ɗakin ajiye gawa a asibiti. Ni kaɗai, da safe da yamma. Na san matattu sarai. Mutane ne masu ladabi. Ba wanda ya taɓa taka min daɓe, ba wanda ya taɓa ɗiga min komai, ba wanda ya taɓa yi min nishi. Ku kuwa ko mutuwar ba ku iya ba. Kai mai karkatar da wuya, ba kai ne ɗan mai gyaran keke ba? Miƙe wuyanka kafin ya sandare. Ke kuma, jiya na ga uwarki a layin famfo. Ta san kin mutu?"

"A'a, Gwaggo," in ji yarinyar da ƙaramar murya.

"Kada ku saurare ta!" Darakta ya daka tsawa. "Zombi ba ya magana! Ku ci gaba!"

Ba wanda ya motsa. Gwaggo ta sa yatsa ta dangwali jan abin da ke haɓar yarinyar, ta shinshina, ta murza.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Darakta."

"Da me?"

"Da wani gari a ƙaramin gwangwani, da ruwan sukari."

"Rinin tufafi ne," in ji Gwaggo. "Wanda ake rina zani da shi. In ya wuce awa biyar a fata, sai ya yi mako bai fita ba. Tun yaushe aka shafa muku?"

"Tun sha ɗaya."

Nan take matattu suka fara duban juna. Wani ya goga haɓa da hannun riga, jan bai ko motsa ba. Wata ta fara kuka, ta ce gobe za a kai ta gidan kakarta. Wani ya ce babansa zai kashe shi.

"Ka riga ka mutu ai," in ji Gwaggo. "An ba ku ruwa tun safe?"

"A'a."

"Abinci fa?"

"Ya ce zombi da yunwa ya fi kyau a hoto."

Tana cikin wannan tambaya idonta ya sauka a bayansu. Darakta ya sa sun cire takalma don su ji daɗin jan ƙafa, duk safa ce a ƙafafunsu. Inda duk suka bi daga ƙofa zuwa tsakiyar ɗaki, ban da ɗigon ja, daɓen ya ɗau wani sheƙi, layi-layi, kamar an zuba masa ruwa. Gwaggo ta tsura wa wurin ido. Ta dubi ƙafafu sittin da ke gabanta. Shekara ashirin da biyu tana neman wanda zai iya jan ƙafa a hankali, ba gudu, ba tsalle, ba ɗagawa, ga shi yau an kawo mata talatin har gida, an ma koya musu.

"Ku saurara," ta ce. "Ina da sabulu a sito wanda ke fitar da rinin nan, ni kaɗai na san yadda ake haɗa shi. Ina da makullin famfo. Duk wanda ya yi abin da na ce, zai sha ruwa, kuma zai koma wurin uwarsa da fuskar da ta haife shi da ita. Wanda ya fi son Darakta, ga shi can jikin bango."

Ba ko ɗaya da ya waiwaya.

Ta jefa wa Ƙato makullin sito. "Saki ginshiƙin nan, ba zai gudu ba. Bi ta jikin bango, ka ɗauko min buhun tsumma da bokitin ruwan sha da kofi. Ke 'Yar Gayu, tunda kina ƙasa, zauna a nan, ga jiƙaƙƙen tsumma, bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya kama."

"Gwaggo, farcena..."

"Faɗuwa ta goma kike so?"

'Yar Gayu ta karɓi tsumma.

Cikin minti goma an ba kowane mamaci kofin ruwa, an ɗaura masa tsumma a haɓa don kada ya ƙara ɗiga, an sa masa busasshe biyu a ƙarƙashin ƙafa. Gwaggo ta jera su sahu uku, goma-goma, kafaɗa da kafaɗa.

"Yadda ya koya muku, haka za ku yi. Kada wanda ya ɗaga ƙafa. Ja hagu, ja dama. Hannuwa a miƙe, don kada ku faɗi. Nishin ma ku ci gaba da shi, yana taimaka wa taku. Bismillah."

Suka tafi. Sahu na farko ya murza, na biyu ya bi, na uku ya ƙarasa. In sun kai bango Gwaggo ta buga sanda, su juya. Da farko nishin a warwatse yake, can sai ya haɗu ya zama ɗaya, kowane ja da nasa nishin, har Ƙato ya shiga buga bokiti yana ba su kiɗa. Wani mamaci ya fara dariya, sitacin fuskarsa ya tsage. Gwaggo na tsaye a gefe, hannu ɗaya a ƙugu, tana gyara.

"Kai na uku, kana ɗaga diddige! Wace irin gawa ce mai rawar ƙafa? Ke ta ƙarshe, matso, kin bar rata!"

Darakta kuwa tun yana ihu har muryarsa ta dushe. Ya ce a yanke ɗaukar fim, ba wanda ya yanke. Ya ce duk ya kore su daga fim, ba wanda ya ji. Ya ce zai gaya wa babansa. Gwaggo ta ce ya gaya masa har da inda ya samo makulli. Sai ya juya ya ga Tabarau. Tana nan a bakin ƙofa, kyamara a ido, tana bin sahun matattu da ita a hankali.

"Ke! Me kike ɗauka?"

"Fim," in ji Tabarau. "Wannan ya fi naka."

"Kashe ta!"

"Ta yayana ce, ba taka ba."

Ta zagaya ta jikin bango ta koma wajen babbar ƙofa don ta sami sahun ta gaba. Darakta ya manta da komai. Ya saki bango, ya ɗiba da gudu ta tsakiyar ɗaki, daidai ta layin ƙarshe da ba a kai ga murzawa ba.

"Kada ka..." in ji Ƙato.

Ƙafafunsa biyu suka tashi sama lokaci ɗaya. Ya sauka a gadon baya, ya juya kamar faifai, ya tafi suuu, kansa a gaba, yana wani ihu siriri wanda ko 'Yar Gayu ba ta taɓa yin irinsa ba. Matattu suka buɗa masa hanya. Daɓen ya ɗan gangara wajen ƙofar gefe don ruwan wanki ya riƙa fita, don haka can ya nufa. Ya fita ta ƙofar da ya shigo, ya ci karo da bokitin da 'Yar Gayu ke matse jan tsumma a ciki, wanda aka ajiye a kan matakala. Bokiti ya tashi, ya dawo masa a ka.

Gwaggo ta taka a hankali ta duba layin da ya bi. Ta gyaɗa kai.

"Kwat ɗin nan yadi ne mai kyau. Ku bi bayansa sau ɗaya, an gama."

Ƙarfe huɗu saura minti bakwai ta kora matattu bayan sito wajen famfo, ta haɗa musu sabulu a babban baho, ta bar Ƙato da 'Yar Gayu suna cuɗa haɓoɓi. Ta koma ta gyara ɗankwalinta, ta buɗe babbar ƙofa, ta tsaya da sandarta.

Hedimasta ya iso da baƙi uku, maza biyu da wata mace mai babban fayil, wadda da gani ita ce shugabarsu. Ya zo yana ta bayani yana murmushin dole. Suna kaiwa ƙofa bayanin ya tsaya. Tagogin ɗakin duka suna kwance a cikin daɓe, da fankokin sama, da agogon bango. Matar ta sunkuya ta ga fuskarta.

"A shiga?" ta tambayi Gwaggo, ba Hedimasta ba.

"An gama, ranki ya daɗe. A goge ƙafa a nan tukuna."

Suka goge, har da Hedimasta. Suna tsakiyar ɗaki matar na rubutu, sai aka ji nishi daga ƙofar gefe. Nishi na gaske, daga cikin ciki. Wani abu ya bayyana a bakin ƙofar, ja jawur daga gashi zuwa gwiwa, wuya a karkace, hannu ɗaya a miƙe, ƙafa ɗaya babu takalmi, yana jan ta.

"Baaaba," in ji abin.

Hedimasta ya yar da makullan motarsa, ya yi tsalle ɗaya ya ɓuya a bayan matar mai fayil. Ɗaya daga cikin mazan ya ciro waya ya ɗaga sama. Ɗayan ya ce su rabu.

Gwaggo ta ratsa tsakaninsu. Ta isa ƙofar, ta gitta sandar tsumma a ƙirjin abin, daidai lokacin da ya ɗaga ƙafa zai shigo.

"Ko da rai ko ba rai, ba ka taka min daɓe."

"Gwaggo, ni ne..."

"Na san kai ne. Buɗe hannunka."

Ya buɗe. Makullin ƙofar gefe na ciki. Ta ɗauka, ta goge shi a tsumma, ta ɗaga yadda kowa zai gani.

"Malam, fito, ɗanka ne. Wannan makullin na aljihun teburinka ne. Da shi ya shigo min da yara talatin suna ɗigar rini a daɓen nan ƙarfe uku saura kwata, bayan na hana shi. Ka tambayi kamfaninka, injin nasu zai iya tsayar da matattu talatin ya sa su aiki? In zai iya, ga nawa makullan, ba sai Litinin ba."

Ta kama bakin zaninta inda suke ɗaure. Matar mai fayil ta dubi Hedimasta, wanda ke fitowa daga bayanta yana gyara hula.

"Wane inji?" ta ce. "Makaranta goma sha ɗaya muka zaga a makon nan, ba mu ga ɗaki irin wannan ba. Za mu ba ku jarrabawar. Amma zan rubuta cewa wannan baiwar Allah ce ke kula da shi, kuma ita nake so in tarar in na dawo."

"Ai dama," in ji Hedimasta, "dama wasa nake mata. Gwaggo ai tamu ce."

"To tunda taku ce, wannan makullin ya zauna a wurina," in ji Gwaggo. Ta ɗaure shi tare da ɗan'uwansa.

Darakta ya roƙi sabulun nan. Ta ce ya je bayan sito ya bi layi. Ko da layi ya zo kansa, yara talatin sun riga sun cinye baho, sai ruwan ɗauraya. Ta ce za ta haɗa wani ranar Litinin, in ya zo da gaisuwarsa.

Ga abin da raini ya ci masa a wuni ɗaya. Makulli, na ɗaya, bai ƙara riƙe shi ba. Farar kwat, na biyu, an wanke ta sau huɗu ta ƙi, uwarsa ta yayyanka ta, yanzu haka hannun kwat ɗin ɗaya yana cikin buhun tsumman Gwaggo. Farin takalmi ƙafa ɗaya, na uku, ya faɗa magudanar ruwa. Matattu talatin, na huɗu, ba wanda ya sake yarda ya mutu masa, amma duk ranar da za a murza daɓe sai an kori wasu saboda yawa. Jarumai biyu da mai kyamara, na biyar. Fim, na shida, don wanda aka nuna wa makaranta a ƙarshen zango na Tabarau ne, kuma wurin da aka fi cewa a maimaita shi ne inda yake tafiya a gadon baya yana ihu. Kwana tara ya yi da jar fuska, wannan na bakwai. Na takwas kuwa sunan ne. Har ya bar makarantar ba wanda ya ƙara ce masa Darakta, daga 'yan aji ɗaya har malamai. Tsumma suke ce masa.